Kifin gwal ɗina sun ƙi lafiya, da sun warke sai ciwo ya dawo

Maman Hanifa, Kano:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah masu kiwon kifin ado ku taimaka min da shawara, abin ya fara fin ƙarfina. Ina da kifin gwal a tankin gilashi a falo, shida ne da, yanzu saura biyar: uku masu tumbi da bazazziyar jela, biyu dogaye. Tun da damina ta ɗauke ciwo ya ƙi barinsu. Da farko fararen ɗige-ɗige ne suka feso musu a jiki da jela kamar an barbaɗa gishiri, suna ta goga jiki da tsakuwa. Na sa shuɗin maganin nan da mai shago ya ba ni, ɗigon ya ɓace, na yi hamdala. Ba a je ko'ina ba jelar ɗaya ta fara zagwanyewa, ga jan layi-layi a cikinta. Na sake sa magani, ta ɗan yi sauƙi. Yanzu kuma ɗigon ya dawo, ƙaramin cikinsu ya mutu shekaranjiya, sauran suna taruwa a saman ruwa suna haki. Tsafta kuwa ba na wasa da ita. Duk Asabar nakan kwashe su a bokiti, in zubar da ruwan duka, in wanke tsakuwa da soson filta, wato na'urar tace ruwan tankin, a famfo har su yi fes. Yara sun shaƙu da su ƙwarai, ni ma ba na son ganin rai yana wahala a hannuna. Wane magani ne mai ƙarfi da zai kashe cutar nan gaba ɗaya?

Alhaji Bala mai tarwada, Zariya:
Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sawwaƙe. Mu a gona in kifi ya fara irin wannan, gishiri muke zubawa, mu haɗa da maganin kashe bakteriya na oksitetirasaikilin a ruwa. Wasu na ƙara ruwan shuwaka. Ki sami garin maganin a shagon magungunan dabbobi, ki sa kaɗan, in sha Allah za ki ga canji.

Dakta Zainab, likitar dabbobi:
Sannu Maman Hanifa, Allah ya mayar da alheri. Kafin a sayi komai ki ba ni amsar waɗannan. Tsawon tankin da faɗinsa da tsayinsa nawa ne a santimita? Ruwan famfo kike sawa ko na burtsatse? Sau nawa ake ba su abinci, kuma wa ke bayarwa? Kin sayo sabon kifi kin haɗa da su kafin ɗigon farko ya fito? In an ɗauke wuta filta tana tsayawa?

Maman Hanifa:
Na auna da tef ɗin ɗinki, Dakta. Tsawo 60, faɗi 30, tsayi 30. Ruwa in famfo ya kawo shi nake sawa, in bai kawo ba sai na 'yan garuwa. Abinci ni nake bayarwa safe da yamma, amma yara ma in sun dawo daga makaranta suna zuba musu. Dogayen nan biyu daga baya na sayo su, kuma eh, bayan zuwansu ne abin ya fara. Wuta kuwa kin san halin da ake ciki, wani lokacin a kwana babu.

Dakta Zainab:
To alhamdulillah, amsoshin nan sun nuna inda matsalar take. Ki yi haƙuri zan ɗan tsawaita.

Ki ninka 60 da 30 da 30 ki raba da 1000, lita 54 ke nan. In aka cire wurin tsakuwa da ɗan sararin da ake bari a sama, ruwan da ke ciki bai wuce lita 45 ba, wato bai kai jarka biyu ta 'yan garuwa ba. Masu kiwon kifin gwal sukan ware wa mai tumbi guda ɗaya kamar lita 75, kowane ƙari kuma lita 40. Dogayen sun fi haka buƙata, don suna iya kai santimita 25 zuwa 30, asalinsu kifin kududdufi ne.

Kifi yana fitar da amoniya ta kunnuwansa, inda yake numfashi, kashinsa da ragowar abinci ma in sun ruɓe amoniya suke zama. Guba ce, tana ƙona kunnuwan da fata. Abin da ke kawar da ita a tanki wasu ƙwayoyin bakteriya ne masu amfani da ke zaune a jikin soson filta da tsakuwa. Kashi ɗaya suna mayar da amoniya ta zama naitirait, wadda ita ma guba ce don tana hana jini ɗaukar iska. Kashi na biyu suna mayar da naitirait ta zama naitiret, wadda ba ta da illa sosai in ba ta taru ba, ita ce ake ragewa da canjin ruwa. Kafin waɗannan bakteriya su yi yawan da za su riƙe tanki sai an yi mako huɗu zuwa shida. Wancan ruwan ƙasa-ƙasa da ke fita daga soso in an matse shi, yawancin masu aikin a nan suke. Wankin Asabar da ruwan famfo mai kulorin, sinadarin da ake tsabtace ruwan sha da shi, yana kashe su, shuɗin maganin, wato metilin bulu, shi ma yana kashe su. Saboda haka duk mako tankin yana komawa sabo, amoniya ta hau, jikin kifin ya yi rauni, duk cutar da ke kusa ta samu hanya. Jan layin jela da zagwanyewarta da hakin nan a saman ruwa duk alamun ruwa ne mai guba.

Ki daina wankin gaba ɗaya daga yau. Kifin su zauna a cikin tanki, ki sa siririn tiyo ki zuƙe kashi daga ƙasan tsakuwa, ki cire kashi ɗaya cikin uku na ruwan ki mayar da sabo. Soso kuwa in ya toshe, a cikin tsohon ruwan da kika cire za ki ɗan matsa shi ki mayar.

Maman Hanifa:
Ikon Allah. Wato dattin soson nan shi ne ke tsare su? Amma Dakta ruwan fa garau yake, ko ƙura babu.

Sadiq, Jos:
Anti, amoniya ba ta da launi, ido ba ya ganinta. Ki nemi kayan gwajin ruwa, na ɗigawa a ƙaramar kwalba ya fi na takarda faɗin gaskiya. Masu sayar da kayan kiwon kifi suna kawowa, ana kuma samu ta intanet. Amoniya sifili ake so, naitirait sifili, naitiret ƙasa da 40. Ni duk lokacin da na ga kifi ya tattara fukafukansa ya kwanta a ƙasa, ruwa nake fara gwadawa kafin in taɓa kwalbar magani.

Alhaji Bala mai tarwada:
Dakta ina girmama iliminki, amma ni na daɗe a harkar kifi. Muna zuba dubu a tanki ɗaya, mu zubar da ruwa mu cika sabo, ba filta ba gwaji, kuma su girma mu sayar. Kifi biyar kacal a ce ruwa ya yi musu kaɗan? Ni dai ina ganin cuta ce aka sayo, a buga mata magani a wuce wurin.

Dakta Zainab:
Alhaji, ranka ya daɗe, gaskiyarka a kan cewa an sayo cuta, zan zo kanta. Amma tarwada daban take. Allah ya yi mata wata gaɓa a bayan kunnuwa da take shaƙar iskar sama kai tsaye, shi ya sa take rayuwa a cikin taɓo, har a kai ta kasuwa da rai a ɗan ruwa kaɗan. Kifin gwal ba shi da wannan, abin da ke narke a ruwa kawai yake shaƙa. Sannan ku wata huɗu zuwa shida kuke riƙe ta ku sayar, kuna sauya ruwa kusan kullum. Shi kuwa kifin gwal in ya samu kulawa yakan yi shekara 10 zuwa 15. Akwai wanda ya mutu a Ingila a 1999 yana da shekara 43.

Batun oksitetirasaikilin kuma, farin ɗigo ba bakteriya ba ce, don haka ba zai taɓa ta ba. Abin da zai yi shi ne ya ƙarasa kashe 'yan bakteriyar filta da suka rage. Ko a gona ma ina roƙon 'yan'uwa manoma a rage zuba shi barkatai, domin haka ake koya wa ƙwayoyin cuta jure magani, kuma kifin nan cikinmu yake komawa.

Alhaji Bala mai tarwada:
Na ji batun numfashi, wannan haka yake. Amma gishiri dai ba za ki ce ba ya aiki ba.

Dakta Zainab:
Gishiri yana aiki sosai, Alhaji, shi ma zan ce ta sa, sai dai da awo.

Maman Hanifa, ga dalilin da ɗigon ke tafiya ya dawo. Wata ƙaramar halitta ce mai suna Ichthyophthirius multifiliis. Ɗigon da kike gani ita ce ta shige ƙarƙashin fatar kifi tana ci, kuma a wannan hali babu maganin da ke isa gare ta. In ta ƙoshi sai ta faɗo ƙasa, ta lulluɓe kanta a cikin tsakuwa, ta rarrabu ta zama ɗaruruwa. Nan ma magani ba ya shiga. Sai 'ya'yan sun fashe sun fito suna iyo suna neman kifi ne kawai ake iya kashe su. Ranar da kika ga jikin kifin ya washe, a ranar cutar tana ƙasa tana hayayyafa. Wanda ya tsayar da magani a lokacin, ya bar mata fili.

Zafin ruwa ne ke yanke tsawon wannan zagaye. A ruwa mai ɗumi, kamar digiri 25, bai fi mako ɗaya ba. A ruwan sanyi yakan ja makonni. Tunda hunturu muke ciki, ki riƙe gishirin mako uku, kuma ko yaya kar ki tsaya sai an yi cikakken mako ba ki ga ɗigo ko ɗaya ba.

Awon shi ne giram 3 a kowace lita, amma a hankali ake kai wa. Ruwanki lita 45 ne, to giram 45 yau da safe, 45 da dare, 45 gobe da safe, jimla 135. Ki narkar da shi a kofi kafin ki zuba. Cokalin shayi shafaffe kusan giram 5 zuwa 6 yake ɗauka, amma in kina da ƙaramin sikelin kicin ya fi. Gishiri ba ya bin tururi, filta ma ba ta cire shi, saboda haka abin da kika zubar kawai za ki mayar: in kin cire lita 15, ki sa giram 45 a sabon ruwan. In ruwa ya ragu da kansa, zalla za ki ƙara. Wani alherin gishirin kuma, yana rage shigar naitirait cikin jinin kifi.

Hajiya Rabi, Maraɗi:
Ni tambaya gare ni. Gishirin girki mai aidin ba ya cutarwa? Kuma wata maƙwabciyata ta ce ana jefa 'yar kanwa don ruwa ya yi kyau.

Dakta Zainab:
Hajiya, aidin ɗin da ke cikin gishirin girki kaɗan ne ƙwarai, a wannan awo ba ya komai. In an samu gishiri zalla marar haɗi, madalla. Kanwa kuwa kar a kusanto da ita. Tana ɗaga awon pH na ruwa, wato tana rage tsaminsa, kuma duk sa'ad da pH ya hau, amoniyar da ke ciki tana ƙara zama guba. A tankin da dama amoniya ta taru, ƙwayar kanwa ɗaya tana iya kashe su a dare guda.

Malam Nura:
Ni fa tsakani da Allah ban ga amfanin wannan wahalar ba. Kifin da ba a ci, ana ta kashe masa kuɗi a wannan tsadar rayuwa. In sun mutu ki huta kawai Hajiya.

Maman Hanifa:
Malam Nura, na fahimce ka, kuma da ban saye su ba da sai in ce ka yi gaskiya. Amma tunda na tsare su a gilashi, ba su da wani ruwa sai wanda na zuba, ba su da abinci sai wanda na bayar. Amana ce, za a tambaye ni. In na ga ba zan iya ba, zan nemi wanda zai riƙe su da kyau in ba shi.

Injiniya Musa, Kaduna:
Bari in sa baki ta ɓangaren wuta, don a ƙasar nan rabin matsalar tanki daga nan take. Bakteriyar da Dakta ta ambata iska suke buƙata. In filta irin rufaffiyar nan ce aka kwana ba wuta, suna fara mutuwa a ciki, wuta na dawowa ta turo ruɓaɓɓen ruwa cikin tanki. Abin da ya fi dacewa da mu shi ne filtar soso wadda famfon iska ke tafiyar da ita. Soson a tsakiyar ruwa yake zaune, famfon kuma wat 2 zuwa 5 kawai yake ci. Akwai masu batir a ciki da ke kama aiki da kansu in an ɗauke wuta, akwai kuma na USB da za ki jona da fawa bank ya kwana yana yi. Wanda ke da sola ko inbata, ba zai ma san an jona shi ba.

Ki kuma kula da inda tankin yake. Da hunturu dare ya yi sanyi rana ta yi zafi, ɗan ruwa lita 45 a bakin taga yana hawa yana sauka tare da iskar waje, wannan ma yana karya garkuwar kifi. Ki matsar da shi jikin bangon ciki, ki maƙala ma'aunin zafi. Sannan ki fara shirin watan Afrilu tun yanzu. Ruwa mai digiri 20 yana riƙe iskar oksijin kamar miligiram 9 a lita, mai digiri 30 kuwa kamar 7 da rabi, alhali a zafi ne kifin ya fi buƙatarta. Kifin gwal tsakanin 18 da 23 ya fi jin daɗi.

Sadiq, Jos:
Wasu za su ce miki ki sa hita ki kai ruwa digiri 30 don cutar ta yi saurin kammala zagayenta. Ana yin haka da kifayen ƙasashen zafi. Amma kifin da dama yake haki a sama, ni ba zan ƙara masa zafi ba, Anti.

Hajiya Rabi, Maraɗi:
Akwai abin da ban ji an ambata ba, kuma mu mata mun fi saninsa. Maganin sauro. In an fesa na gwangwani ko an yayyafa fiya-fiya a falo, ko an kunna igiyar sauro, famfon iska iskar ɗakin yake zuƙa ya tura cikin ruwa. Waɗannan magunguna kaɗan ɗinsu ma yana kashe kifi. Ni ranar feshi ina kashe famfon, in rufe tankin da jiƙaƙƙen zani, sai an buɗe tagogi wari ya fita in kunna. Turaren wuta ma nesa da su nake ajiye kasko. Hannu mai mai ko sabulu kar ya shiga ruwan, bokitinsu kuma ya zama nasu su kaɗai, wanda omo bai taɓa shiga ba.

Dakta Zainab:
Allah ya saka da alheri Hajiya Rabi, wannan muhimmi ne. In ƙara da batun ruwa: na famfo a tara shi a buɗaɗɗen baho ya kwana ya wuni, in da hali da famfon iska a ciki, kulorin zai fita. Ɗigon maganin cire kulorin ya fi tabbas, don akwai nau'in da ake kira kuloramin wanda ajiyewa ba ta fitar da shi. Na burtsatse ba shi da kulorin amma yakan fito da ƙarancin iska, shi ma a bar shi ya sha iska. Abin da ba na so shi ne yau wannan gobe wancan, ki tsaya a kan guda ɗaya gwargwadon iko.

Abinci kuma a karɓe shi daga hannun yara, ko a auna na yini a ba su su zuba a gabanki. Kifin gwal ba shi da tumbin ajiye abinci irin namu, hanji ne kawai, yana ci yana fitarwa, kuma ba ya nuna ya ƙoshi. A makonnin nan sau ɗaya a rana ya isa, abin da za su cinye cikin minti ɗaya. In kina da ciwo ko yanka a hannu kar ki tsoma shi a tankin, akwai bakteriyar ruwan kifi da ke shiga fatar mutum ta nan.

Alhaji Bala mai tarwada:
To tunda an ce wuri ya yi kaɗan, ba sai an sayi gilashi mai tsada ba. Babban bahon roba na lita 100 ko fiye yana nan a kasuwa da araha, mu da shi muke renon 'ya'yan kifi. Ki kai dogayen nan biyu can a inuwa, ki rufe da raga saboda kyanwa da tsalle. Har yanzu dai ina nan a kan cewa jelar da ta zagwanye tana son maganin bakteriya.

Dakta Zainab:
Shawarar baho ta yi, Alhaji, kuma faɗinsa ma ya fi ba ruwa iska. Sai dai a sa musu gishiri a can ma, don su ma suna ɗauke da cutar, kowane wuri kuma da tiyonsa da ragarsa. Jela kuwa mu ba ta mako biyu a ruwa mai kyau. Yawanci da kanta take tsirowa, za a ga bakin ya fito fari garau. In ta ci gaba da cinyewa har ta kusa jiki, ko gyambo ya fito, to lokacin maganinka ya yi, amma a keɓe kifin a wani wuri, kuma likita ya zaɓi maganin da awonsa.

Maman Hanifa:
Salam jama'a, na dawo da bayani. Na samu kayan gwajin. Ranar farko amoniya 1 ta nuna, naitirait 0.5, pH 7.8. Na raba su kamar yadda Alhaji ya ce, na sayi famfon iska mai batir, ina canza kashi ɗaya cikin uku kullum ina mayar da gishirin da na zubar. Yau amoniya ta sauko 0.25, naitirait tana nan a 0.5. Hakin ya tsaya, ɗigon ya ragu sosai. Abu biyu ne suka dame ni. Ɗaya daga masu tumbin ya fara yin baƙi-baƙi a gefen jela da baya. Ɗayan kuma babu ɗigo a jikinsa amma har yanzu yana goga kunnensa da tsakuwa.

Dakta Zainab:
Masha Allah, aiki ya yi kyau. Baƙin nan kar ya tsorata ki, sau da yawa tabon ƙunar amoniya ne ke warkewa, zai dushe da kansa cikin makonni. Naitirait za ta iya ma ɗan ƙara hawa kafin ta faɗi, don masu cinye ta su ne ke zuwa daga baya. Ki ci gaba da canjin kullum har ranar da amoniya da naitirait suka nuna sifili tare, naitiret kuma ta fara bayyana. Daga nan sai ki koma sau ɗaya ko biyu a mako.

Mai goga kunne, ki bari a gama mako ukun gishiri tukuna, don farin ɗigo yakan ɓuya a cikin kunne inda ba a gani. In an gama yana nan yana yi, ko kin ga yana rufe kunne ɗaya yana numfashi da ɗaya, to ina zargin tsutsar kunne ce, ita ma ido ba ya ganinta, kuma tana yawan zuwa da sabon kifi. Maganinta firazikwantel, wanda ake ba mutane na tsargiya, kamar miligiram 2 a kowace lita. Ita ma tana yin ƙwai da magani ba ya kashewa, shi ya sa ake maimaitawa bayan mako guda. In filtarki tana da baƙin gawayin nan a ciki, a cire shi lokacin magani don yana tsotse shi. Ki yi min magana kafin ki sa, mu lissafa awon tare.

Maman Hanifa:
Na gode Dakta, Allah ya ƙara basira, na gode Alhaji da kowa da kowa. Hanifa tana ta tambaya yaushe za a sayo madadin wanda ya mutu.

Dakta Zainab:
Ki ce wa 'yata ta ƙara haƙuri. Uku a lita 45 ma sun yi yawa, don haka babu ƙari sai an samu tanki mai lita 195 ko fiye. In an samu, ki ɗauke tsohon soson da tsakuwar ki kai sabon tankin yadda suke ba tare da wanki ba, bakteriyar su bi su. Duk sabon kifin da za a sayo kuma ya fara yin mako huɗu shi kaɗai a baho ana duba shi kafin ya shiga cikin sauran.